Dogon Ido da Gajeren Ido

Ban yi makaranta ba. Wannan da kuke karantawa ni nake faɗa, autata take rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta sa sunan kowa, kada kuma ta gyara mini magana. In kun ga wuri ya yi kaushi, daga bakina ya fito haka.

Babban ɗana ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a Mando da matarsa da 'ya'yansu. Shi ne ɗan farina, saboda haka ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban kuma tsayar da idona a fuskarsa ba tun da aka yaye shi. Haka na tarar ana yi a garinmu can wajen Katsina, haka na zo da abina Hayin Banki lokacin da marigayi maigidana ya samu aikin tuƙi a Kaduna. Da aka yaye yaron, yayan ubansa ne ya ɗauke shi. A can ya ji 'ya'yan gidan suna ce mini Gwaggo, shi ma ya ɗauka, yau ga shi har 'ya'yansa Gwaggo suke ce mini. In ina da magana da shi, wanda ke kusa nake faɗa wa, in babu kowa in faɗa wa bango, shi kuma ya ji. Ban taɓa ganin abin a matsayin takura ba. Mutunci ne, kuma har gobe a kansa nake.

Sai dai akwai uwar matarsa, wadda muke kira Hajiyar Mando. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, gidanta ba nisa da nasu. Ita ba ta san wannan kunyar ba, ko ta sani ta ajiye. Tana kiran surukinta da sunansa gatsal, tana zama kujera ɗaya da 'yarta ta fari, har ta sa hannu a kwanonta. Kuma abin da ya fi ci mini rai, matar ba ta da mugun hali da zan kama. In ta zo gidana ba ta zuwa hannu biyu, tun daga zaure take kwaɗa sallama tana cewa Yaya, ta durƙusa ta gaishe ni ko da yake gwiwarta na ciwo. Da ta kasance mai girman kai ce da na huta, in ƙi ta da hujja.

Shekarun baya yaron ya sayi kyamara, babba, baƙa, mai igiyar ratayawa. A gabanta akwai wani gilashi da ake murɗawa a cire, a ɗaura wani. Su suna da sunan da suke kiransa, ni ido nake ce masa. Idon da ya fara da shi ɗan guntu ne, ba ya matsowa ba ya ja da baya, ƙafar mai ɗauka ce ke yi masa aikin. In yana son fuska sai ya zo har gaban hancin mutum. In yana son taro sai ya yi ta ja da baya har ya bugi bango, duk da haka a yanke kafaɗar na gefe.

Da wannan idon ya zo gabana ranar sunan 'yarsa ta ƙarshe, wadda aka sa wa sunana. Ina can baya wajen tukwane, inda ya kamata uwar uba ta kasance, ina lura da masu rabon tuwo don na san hannuwansu. Sai kawai na ga mutum ya durƙusa a gabana, baƙin abin nan a fuskarsa, tsakanina da shi bai fi tsawon muciya ba. Ga mata cike da wuri, ga dangin matarsa suna kallo. Na ja mayafi na rufe fuska, na juya wajen ƙanwar ubansa na ce, "A gaya wa mai abin nan kada ya kuskura ya sake nuna ni da shi."

Ya tashi ya bar wurin. Mata suka yi ta dariya, wata ta ce, "Kai, Gwaggo da ɗan fari sai Allah." Na ji daɗin maganar a ranar. Abin da ya dace na yi.

Bayan wasu makonni na je Mando duba mai jego. Ina shiga falo na ga bango ya sake. An wanke hotunan suna an sa a gilashi. Na tsakiya, mafi girma, Hajiya ce zaune a doguwar kujera, ta sha leshi, haƙorin Makka yana walƙiya, takwarata kwance a cinyarta. Yarinyar da ke ɗauke da sunana. Na zauna a ƙasa kan darduma kamar yadda na saba, na ba hoton baya, amma duk zaman ina jin sa a ƙeyata.

Jikana namiji, wanda nake wa wasa da maigida, lokacin bai daɗe da shiga makaranta ba, ya jawo littafin hotuna ya zo ya baje a gabana yana nuna mini mutane. Ga Hajiya ranar Sallah. Ga Hajiya ta dawo daga Umara. Ga Hajiya tana ba shi shayi a cokali. Ga Hajiya da shi a gaban mota.

Na ce, "To maigida, ina matarka a ciki? Ko ka sake ni ban sani ba?"

Ya buɗa gaba, ya buɗa baya, ya dube ni ya ce, "Ke ba kya ciki, Gwaggo."

Uwarsa ta ce daga ɗaki, "Kai, wace irin magana ce wannan?" Na ce ta rabu da shi, gaskiya ya faɗa. Na yi dariya har na ba shi alewa. A keke mai ƙafa uku da zan koma gida kuwa, tun daga Mando har Kawo ban ga hanya ba.

Ku gane abin da ya dame ni. Maigidana ya rasu kafin a haifi yaran nan. Abin da ya rage na kamanninsa ɗan hoton da ke jikin tsohon lasin tuƙinsa ne, ya yi ja, gefe ɗaya ruwa ya taɓa. Na taɓa nuna wa jikan nan, ya tambaye ni wane ne wannan, na ce kakanka ne, ya ce a'a, shi kakansa yana bangon gidan Hajiya da babbar riga. Ni kuwa hotona a duniya yana jikin katin zaɓe, inda na fito kamar an kama ni da kayan sata. In na kwanta dama, wannan za a nuna wa takwarata a ce ga mai sunanki, alhali waccan tana rungume da ita a bango cikin gilashi.

Na faɗa wa auta wani abu daga ciki, ba duka ba. Tana aure a Rafin Guza, ita ce mai bakin faɗa mini abin da sauran ba sa iyawa. Ta zaro wayarta ta ce, "Gwaggo, gyara ɗaurin ɗankwali, yanzu in yi miki guda nawa kike so."

Na ce ta mayar da abarta. Wayar da aka sace mata a kasuwa bara da hotunan wa ta tafi? Wadda ta faɗa rijiya fa? Ba irin wannan nake nufi ba. Wanda ake wankewa a rataye nake nufi, a bangon can, kuma da hannun wanda ya ɗauki waccan. Wannan na ƙarshen ban faɗa mata ba, amma ba jaka ba ce.

Ta ce, "To sai in gaya wa Yaya." Wan nata take nufi.

Na ce, "In kin gaya masa ban yafe ba."

Ana nan sai maganar sabon ido ta taso. Kowace Asabar babban ɗan nawa yakan kwaso iyalinsa su yini a gidana. Wata Asabar sai ga su har da Hajiya, wai ta biyo su ta gaishe da Yaya. Ya shimfiɗa tabarma a bakin zaure daga ciki, inda yake zama kullum, ya buɗe jaka ya fito da idanu biyu. Wani mai shago a kasuwar cikin gari, abokinsa, ya ba shi su ya gwada, ya riƙe ɗaya ya mayar da ɗaya. Dukansu na hannu ne, an yi amfani da su. Ya gaji da tafiya gaba da baya, in ji shi, yana son ido guda da zai bari a jikin kyamarar, ya yi masa suna, ya yi masa Sallah, ya yi masa guje-gujen yara. Mai zum, haka suka ce, wato wanda kana zaune za ka murɗa ya jawo abu ko ya mayar da shi.

Ina ƙofar ɗakina ina tsince shinkafa. Tsakar gidana doguwa ce, makwarara ta ratsa ta tsakiya, zaure can, ɗakina nan. Ba da ni ake maganar ba. Hajiya yake wa bayani, ita da 'yarta, tana zaune kusa da shi a kujerar roba tana gyaɗa kai kamar ita ta haife shi. Amma kunnena lafiyarsa ƙalau, kuma ban taɓa sayen ko tukunya ban ƙwanƙwasa ta ba.

Ga abin da na tsinta. Na farko gajere ne mai kauri, bakinsa faɗi. Yana shan haske sosai, ko an ɗauke wuta, ko an saki labule, hoton cikin ɗaki zai fito garau. Yana buɗewa ya kwashe duk mutanen falo. Amma jawowarsa kaɗan ce, abin da ke nesa yana nan a nesansa. Na biyu shi ma yana buɗewa ya kwashi taro, sai dai in aka murɗa shi sai ya yi ta fitowa, ya yi tsawo, ya kamo abin da ke can ƙarshen gida ya kawo gabanka. Aibinsa shi ne yana son rana. A cikin ɗaki mai duhu hotonsa dishi-dishi yake fita, in yaro ya motsa sai ya zama kamar hayaƙi.

Hajiya ta ce, "Ai babu wani dogon tunani. Ɗauki gajeren. Ina ake taruwa in ba falo ba? Suna a falo, Sallah a falo, baƙi a falo."

'Yarta ta ce, "Ni ma shi na fi so. Wancan in ya miƙe kamar zai harbi mutum."

Na ci gaba da tsintar shinkafata, amma hannuna ya daina ganin tsakuwa. Falon wa? Ni ba ni da falo. Ɗaki gare ni da rumfa da tsakar gida da rana ke dukanta tun hantsi. Falo mai labule da kujeru da fitilu a Mando yake, ɗaya nasu, ɗaya na Hajiya. In ya ɗauki gajeren, ya ɗauki idon gidanta ne. Zai ƙara mata haske a kan wanda take da shi, ni kuma ko da wata rana zuciyarsa ta raya masa, sai ya sake zuwa ya durƙusa a gaban hancina, in sake korarsa. Ba yadda za a yi in bari.

Auta tana wurin. Ta karɓi kyamarar daga hannunsa da dogon idon a jiki, tana leƙe-leƙe, ta tsallako makwarara ta zo wurina.

"Gwaggo, leƙa ki ga abin mamaki."

"Ɗauke mini tarkace."

"Don Allah leƙa. Ba ke za a ɗauka ba, ke za ki kalla."

Na goge hannuna a zane na karɓa. Yana da nauyi, kamar ƙaramin dutsen niƙa. Ta nuna mini ramin da zan sa ido, ta kama hannuna ta murɗa. Sai ga tantabarun maƙwabcina da ke kan kwano sun taho gabana har ina ganin jan idonsu. Na sauke kaɗan, sai ga fuskar Hajiya ta cika mini ido. Na ga hodar da ta kwanta a cikin tamojin wuyanta, na ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali inda lalle bai kama ba. Ban ƙi ganin wannan ba, gaskiya. Tana can tana surutu ba ta san ina ƙirga mata shekaru ba.

Sai hannuna ya goce, idon ya faɗa kan wanda ke zaune a tabarma. Na ga gefen fuskarsa, na ga gemunsa ya fara fari. Ban san ya fara fari ba. Na yi maza na sauke abin na miƙa wa auta.

Amma na riga na gane abin da nake son ganewa. Daga ƙofata zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofata, tafiyar ɗaya ce. Mutum zai iya zama a tabarmarsa, ni ina nan a wurina, bai matso ba, ban ɗago ba, babu wanda ya keta wa wani haddi.

Na ɗaga murya yadda zaure zai ji, na ce wa auta, "Ni dai ban san yara suna girma a falo ba. Nawa a tsakar gida suka girma. Falo ai wurin zaman manya ne da suka gaji."

Hajiya ta yi dariya ta ce, "Yaya, da ni kike?"

"Da auta nake. Kuma abin da zai sa mutum ya riƙa cusa wa manya ƙarfe a fuska, ban ga amfaninsa ba. In akwai wanda za a tsaya daga nesa cikin ladabi, ai shi ne na mutane."

"To ai shi ke nan," in ji Hajiya, ta tafa hannu. "Babbar kotu ta yanke. Mu 'yan falo sai mu sayi fitila."

'Yarta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wallahi duk hotunan ɗaki za su lalace, ku dai ku gani."  Shi kuwa ya juya gajeren a hannunsa, ya juya, ya daɗe yana dubansa, don na lura ransa ya fi kwanta masa. Sannan ya naɗe shi a ƙyalle ya mayar jaka. Ranar na ƙara wa miya nama.

Asabar ta gaba na yi wanka tun da hantsi. Na ciro atamfar da nake ajiya a ƙasan akwati, na sa kwalli, na ɗaura ɗankwali sabo. Na jawo kujerata 'yar tsugunne daga cikin rumfa zuwa inda rana ke sauka, tunda na ji an ce abin rana yake so. Na ɗauko faranti da shinkafar da na riga na tsince jiya.

Auta ta shigo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Gwaggo, biki za ki?"

"Kayana ne. Ko sai na mutu za a raba ba a ga na sa ba?"

Suka zo. Ya zauna a tabarmarsa ya fito da abin. Ya ɗauki maigida yana bin kaza. Ya ɗauki tantabaru. Ya ɗauki akuyar maƙwabta da ta leƙo ta katanga. Ina jin ƙarar, ƙyas, ƙyas, ina kallonsa ta wutsiyar ido. Duk lokacin da dogon idon ya biyo yaro ya nufo ɓangarena, yana isowa makwarara sai ya sunkuyar da shi ƙasa. Takwarata ta fara rarrafe a lokacin. Ta taso daga wurin uwarta, yana bin ta, ƙyas, ƙyas, ta zo bakin makwarara, ƙyas, ta tsallako da ƙyar ta nufo ni, sai shiru. Ta kama gwiwata ta miƙe tsaye, karo na farko a gidan nan, tana dariya da haƙoranta biyu. Na saurara. Shiru. Ya ɗora kyamarar a cinya yana goge mata gilashi da bakin riga.

Haka aka yi Asabar ta biye, da wadda ta biyo ta. Rana ta gasa ni har na fara ganin jiri. Atamfar ta sha wanki har ta fara sakin kala. A Mando kuwa, duk da ƙorafin matarsa cewa hotunan falo sun yi duhu, sai suka koma fita farfajiyar gidan Hajiya da yamma, wurin furanninta. Na je na ga sabon hoto a bango, an ɗauko ta daga nesa ba ta sani ba, tana ɗaure wa takwarata takalmi, bayanta duk ya narke ya zama kore, ita kaɗai ta fito kamar a taɓa. Ya fi na ranar suna kyau nesa ba kusa ba. Da idon da ni na zaɓa.

Na ce wa auta, "Ashe wa na yi wa aiki?"

Ta ce, "Gwaggo, ke fa kika ce kada ya kuskura. A gaban mutane kika faɗa."

"To da me zan ce a gaban mutane? Zo ka ɗauke ni? Wace uwa ce take faɗin haka? Ai shi ya kamata ya sani. Ana hana yaro abu da baki, shi kuma ya sata, a yi kamar ba a gani ba. Haka ake yi tun kafin a haife ki."

"Yaya bai iya sata ba. Ke kika ce a yi masa tarbiyya."

Na jefe ta da murfin kwano, ta kauce. Amma gaskiyarta ne. Yaron nan tun yana ƙarami in aka ce bari, ya bari ke nan har abada. A gidan yayan ubansa ya tashi, bai zauna kusa da ni ya koyi inda hanina yake da ƙofa ba.

Cikin wannan hali maƙwabciyata ta rasu, sa'ata ce, tare muka yi sana'ar ƙuli-ƙuli shekara da shekaru. A zaman makoki wata jikarta da ta zo daga Zariya ta ce a nuna mata hoton kakarta. Aka yi ta bincike a ɗaki, aka fito da katin zaɓe. Na ga yarinyar ta riƙe shi tana juyawa. Na tashi na koma gida ban jira addu'a ta biyu ba.

Asabar ɗin da ta biyo ban sa atamfa ba, raina a ɓace yake, zanen gida ne a jikina. Hajiya ma ta zo, ta kawo mini lemo da maganin shafawa na ƙafa. Suna can bakin zaure ana nuna mata hotuna a bayan kyamara, tana cewa kai, wannan ido ya yi, Yaya ta iya zaɓe. Takwarata ta tako da ƙafarta, don ta fara tafiya, ta zo ta haye cinyata ta sa hannu a farantin shinkafa. Auta tana gefena tana yankan kuɓewa.

Na ce wa auta, da muryar da ake ji har waje, "An dai cuci mutane."

"Wa aka cuta, Gwaggo?"

"Masu sayen ido. An ce yana jawo nesa. Ni ban ga nesan da ya jawo ba. Daga tabarma zuwa makwarara, ai ko makaho ya jefa dutse ya kai. In ya isa, ya tsallako mana. Mai shagon nan ya ga bawan Allah ne ya sayar masa da mai gajeren numfashi."

 Matarsa ta dubi uwarta. Hajiya ta buɗe baki, na ga ta gane, na jira ta tona ni da dariyar nan tata. Sai ta rufe bakin, ta juya tana gyara wa maigida wuyan riga. Wannan ma ban yafe mata ba, don yanzu tana bina alheri.

Can sai na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa, auta yake wa magana. "Ki tambayi Gwaggo, in an gwada daga nan, ba laifi?"

Na ce, "Ki ce ni ina ruwana. Shinkafata nake tsinta. Kayan mutum ne, ya gwada abinsa ya gani ko an cuce shi."

Ban ɗago ba. Na ji ƙarar murɗawa. Sai ƙyas. Sai kuma ƙyas. Yarinyar ta damƙi shinkafa ta watsa, na kama hannunta, ƙyas. 

Ya ce, "Auta, ki ce ko za ta ɗan ɗago."

Na yi niyyar cewa ba zan ɗago ba, har maganar ta zo bakina. Sai na tuna baƙin abin ya rufe masa fuska. Ba shi zan kalla ba, gilashi zan kalla, babu wanda zai ce na yi rashin ta ido. Na ɗago. Can ƙarshen tsakar gida ga mutum zaune ya tanƙwashe ƙafa irin zaman ubansa, hula ta ɗan karkace, hannuwa biyu riƙe da abin, farin gemun yana leƙowa ta ƙasa. Na dube shi sosai, yadda ban yi ba tun yana goye. Na san kuma ta cikin ramin nan fuskata tana gabansa kamar ya miƙa hannu. Ya daɗe bai danna ba. Har auta ta ce, "Yaya, ko ya lalace ne?" Sannan ƙyas.

Na sunkuyar da kai na ce, "A kwashe yarinyar nan ta ɓarar mini da shinkafa."

Ba a nuna mini a bayan kyamara ba, ban kuma tambaya ba. Sai da Sallah ta zo na je Mando. Yana nan a bango. Tsohuwa ce a ƙofar ɗaki da zanen gida, fuska a ɗaure kamar za ta yi faɗa, yarinya a cinyarta da shinkafa manne a kumatu. Ban san haka idanuna suke ba. Irin na mahaifiyata ne.

Da suka shiga kicin aka bar ni ni kaɗai, na tashi na auna gilashin da tafin hannuna, na auna na Hajiya na ranar suna. Daidai suke, bai rage mini ko yatsa ba. Sai dai nata suna da yawa, sun zagaye agogo, nawa guda ne, kuma kusa da ƙofa, inda labule ke rufe gefensa in iska ta kaɗa. Rigar da ke jikin takwarata a hoton ma, da na duba da kyau, Hajiya ce ta ɗinka mata.

Maigida ya shigo a guje da kayan Sallah, ya ja ni da hannu ya nuna bangon. "Gwaggo, ga ki! Amma me ya sa kike fushi?"

Na ce, "Kai nake wa, da ka bar ni a waje shekara da shekaru."

Asabar ta gaba na ciro atamfar, na jawo kujera cikin rana. Da suka zauna na ce wa auta, yadda zaure zai ji, gwaji ɗaya ba ya nuna ingancin kaya, wataƙila sa'a aka yi rannan.